Tsallaka Duwatsun Alps a kan Keke Mai Batir

Via Claudia Augusta tsohuwar hanyar Rumawa ce da aka kammala a zamanin Sarki Kalaudiyas. Yau masu keke ne suka gaje ta. Sukan tashi daga Donauwörth a Jamus, su ratsa Ostiriya, su gangara arewacin Italiya, tafiyar kusan kilomita 700.

Keke mai batir ya buɗe hanyar ga waɗanda hawan dutse ke gagara, musamman dattawa. Injinsa ba ya aiki sai mahayi ya taka feda, kuma a dokar Tarayyar Turai yakan daina taimako da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa. Hawa na cinye caji, shi ya sa matafiya ke cika batir a masaukan ƙauyuka kowane dare.

Wuri mafi ratsa zuciya shi ne mashigin Reschen, mai tudun mita 1,500. Can hasumiyar cocin ƙauyen Graun ke tsaye ita kaɗai a cikin tafki, tun da madatsar ruwa ta haɗiye ƙauyen a 1950. Daga nan sai gangara cikin kwarin Vinschgau, tsakanin gonakin tuffa, a wuce Glurns mai tsohuwar ganuwa, har birnin Meran.