Kasuwar Fina-finan Zane Na Japan: Masu Sha'awa Na Zuba Kuɗi, Masu Zane Na Kuka

Ƙungiyar kamfanonin fina-finan zane ta ƙasar Japan ta bayyana a cikin rahotonta na shekara-shekara cewa a shekarar 2023 kuɗin da jama'a suka kashe a kan fina-finan da ake kira anime, tare da kayayyakin da ke da nasaba da su, ya haura yen tiriliyan 3.3, kuma fiye da rabin wannan kuɗi daga ƙasashen waje ya fito. Sai dai a cikin wannan rahoto ne kuma aka nuna cewa abin da ya shiga hannun kamfanonin da ke zaman zana fina-finan yen biliyan 400 ne da 'yan kai, wato kimanin kashi 13 cikin ɗari. Duk mai son ya fahimci wannan sana'a tilas ya fara da tambayar inda sauran kuɗin ya nufa.

Ga wanda bai saba da kalmar ba, anime su ne fina-finan zane na Japan, waɗanda galibinsu ake ɗauko labarinsu daga littattafan labarin zane da ake kira manga. Waɗanda suka taso da kallon talabijin a Nijeriya a shekarun 1980 da 1990 za su tuna da Voltron, wanda asalinsa aikin kamfanin Toei ne na Japan da aka sake wa suna da murya a Amurka. Su kuwa mutanen da sha'awar irin waɗannan fina-finai da littattafai da wasannin kwamfuta ta shiga jininsu, Japanawa na ce musu otaku. A da kalmar ta raini ce, musamman bayan shekarar 1989 da aka kama wani matashi da laifin kashe ƙananan yara, jaridu suka yi ta nuna hotunan ɗakinsa cike da kaset-kaset. Yanzu kuwa su ne gwamnati da 'yan kasuwa ke zawarci.

Tushen yadda ake raba kuɗin yana can a shekarar 1963, lokacin da Osamu Tezuka ya fara nuna Astro Boy a tashar Fuji. Domin ya samu shiga talabijin, Tezuka ya amince da farashin da bai kai abin da yake kashewa a kan kowane shiri ba. Ya rage yawan zanen da ake yi a kowace daƙiƙa, ya riƙa maimaita zane ɗaya a wurare da dama, sa'an nan ya cike giɓin da kuɗin da kamfanoni ke biya don amfani da hoton jarumin. Kamfanin alewa na Meiji, alal misali, ya riƙa sanya hotunan mannawa na Astro Boy a cikin kwalin cakulan, yara suka yi ta rububin saye. Kamfanin Tezuka ya durƙushe a shekarar 1973, amma tsarin da ya kafa ya zauna: shirin talabijin talla ne, ribar tana cikin kayan da za a sayar.

Babu misalin da ya fi na Gundam fito da wannan a fili. An fara nuna shirin a shekarar 1979, bai samu karɓuwa ba, har aka datse shi a kashi na 43. A shekarar 1980 kamfanin Bandai ya fara sayar da mutum-mutumin roba na injunan yaƙin da ke cikin shirin, waɗanda mai saye ne ke harhaɗa su da hannunsa, a kan yen 300. Daga lokacin zuwa yau an sayar da fiye da miliyan 700, kuma da dama daga cikin masu sayen magidanta ne da suka fara tun suna 'yan makaranta. Shirin da aka datse saboda rashin masu kallo ya shafe fiye da shekara arba'in yana ciyar da masana'antar roba a Shizuwoka.

Daga tsakiyar shekarun 1990, musamman bayan nasarar Evangelion a 1995, aka koma ga abin da ake kira kwamitin shirya fim. Kamfanin buga littattafai da tashar talabijin da masu kayan wasa da masu faifan waƙa da kamfanin talla kan haɗa jari, kowa ya ɗauki ɓangaren da zai yi ciniki a kai. A fuskar tattalin arziki dabarar tana da ma'ana, domin yawancin shirye-shirye ba sa mayar da kuɗinsu, kuma idan aka raba asara tsakanin kamfanoni biyar ko shida babu wanda za ta kayar. Illar ita ce haƙƙin mallaka na kwamitin ne. Kamfanin da ya yi zanen, in bai sa jari ba, ɗan kwangila ne kawai: a biya shi kuɗin aikinsa, ko fim ya ci kasuwa ko ya faɗi, nasa ya ƙare.

A can ƙasan wannan tsani akwai masu zanen tsakiya, wato matasan da ke cike motsin da ke tsakanin manyan zane biyu. An daɗe ana biyansu da guda-guda, kimanin yen 200 a kan kowane zane, kuma zane ɗaya na iya cin awa guda. Binciken da ƙungiyar masu zanen fina-finai ta JAniCA ta fitar a 2015 ya nuna cewa matsakaicin abin da irin waɗannan ma'aikata ke samu a shekara yen miliyan 1.1 ne, kuɗin da ba ya riƙe mutum a birnin Tokiyo sai da taimakon iyaye. Da yawa kan bar aikin tun kafin hannunsu ya faɗa. Masana harkar kasuwanci za su ce yawan masu neman aiki ne ya karya farashi, kuma haka ne, domin wanda ya shigo sana'a saboda ƙauna ba ya iya ciniki.

A ɗaya ɓangaren kuwa, 'yan kasuwa sun ƙware wajen karanta zuciyar mai sha'awa. Unguwar Akihabara a Tokiyo, wadda a da kasuwar rediyo da kayan lantarki ce, ta zama cibiyar mutum-mutumi da littattafai da katunan tarawa. Akwai injunan da mutum zai jefa 'yan sulalla su fito masa da ƙaramin abin wasa a cikin ƙwallon roba, ba tare da ya san wanda zai samu ba. Mai neman jarumi guda na iya jefawa sau goma. Akwai kuma kyautar shiga silima. Lokacin da aka fara nuna fim ɗin Demon Slayer a watan Oktoba na 2020, an raba wa masu kallo wani ɗan littafi na musamman har kwafi miliyan 4.5, daga baya aka riƙa sauya kyautar, wanda hakan ya sa wasu suka yi ta komawa. Fim ɗin ya tara fiye da yen biliyan 40 a Japan kaɗai, ya kawar da Spirited Away na Hayao Miyazaki daga matsayin da ya riƙe tun 2001. Kyauta ce a baki, amma kuɗinta na cikin tikiti na biyu da na uku.

Su ma masu sha'awar suna da tasu kasuwar. Taron Comiket ya fara ne a watan Disamba na 1975 da ƙungiyoyi 32 da mahalarta kimanin 700. A Disamban 2019 mutane 750,000 ne suka halarta cikin kwana huɗu. Abin da ake sayarwa littattafai ne da mutane suka zana suka buga da kuɗin aljihunsu, kuma da yawa a kan jaruman da ba mallakarsu ba ne. Bisa doka masu haƙƙi na iya hanawa, amma galibi kawar da kai suke yi, saboda taron na ƙara wa kayansu farin jini, kuma daga cikinsa ne ake samun sababbin gwanaye. Wannan sassauci bai shafi masu satar littattafai su baza a intanet ba. Wanda ya gudanar da shafin Mangamura ɗaurin shekara uku kotu ta yanke masa a 2021.

Cewa waɗannan mutane ba masu saye kaɗai ba ne ya bayyana a watan Yuli na 2019, lokacin da wani mutum ya cinna wa ginin kamfanin Kyoto Animation wuta, mutum 36 suka rasu. Gudummawar da aka tara daga ciki da wajen Japan ta haura yen biliyan 3. Ba banza ba kamfanin ya samu wannan ƙauna: yana cikin ƙalilan da ke ɗaukar masu zane aiki da albashin wata, yana kuma horas da su da kansa.

Abin da ya sauya lissafi a 'yan shekarun nan shi ne kuɗin waje. A 2021 kamfanin Sony ya sayi Crunchyroll, mai nuna anime ta intanet, a kan dala biliyan 1.175, kuma Netflix da takwarorinsa na biyan kuɗi mai tsoka don samun shirye-shirye. Wasu kamfanonin zane sun fara neman kasonsu. Ufotable na cikin masu jarin Demon Slayer, shi kuwa MAPPA shi kaɗai ya ɗauki nauyin Chainsaw Man a 2022, riba tasa, asara tasa. Wannan hanya ce da sai mai ƙarfi ke iya bi; ƙananan kamfanoni, waɗanda su ne suka fi yawa, ba su da jarin da za su yi wannan kasada.

Gwamnatin Japan ta shiga maganar ne ta fuskar fitar da kaya. A watan Yuni na 2024 ta sanya burin kai cinikin fina-finai da littattafai da wasannin kwamfuta a ƙasashen waje zuwa yen tiriliyan 20 nan da shekarar 2033, daga tiriliyan 4.7 a 2022, adadin da tuni ake kwatanta shi da abin da ƙasar ke samu daga ƙarafa. A wannan shekara ce kuma wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam ya ambaci ƙarancin albashi da tsawon lokacin aikin masu zane a rahotonsa kan Japan, sa'an nan a watan Nuwamba wata sabuwar doka ta fara aiki wadda ta wajabta wa kamfanoni su fayyace wa masu aikin kwangila sharuɗɗan aiki a rubuce, su kuma biya su cikin kwana 60. Dokar ba ta ƙayyade farashin zane ba. A halin da ake ciki, ana ta ƙara yawan shirye-shiryen da ake nema alhali ƙwararrun hannu ba su ƙaru ba, abin da ya sa ake tura aikin zanen tsakiya zuwa Koriya ta Kudu da Sin da Filifins da Biyetnam, wato aikin da a da shi ne makarantar da matashin Japan ke koyon sana'ar a cikinta.