Taɓin Hankali: Ma'anarsa, Dalilansa da Rawar Malami

Gabatarwa

Bahaushe na da kalmomi da dama game da matsalar ƙwaƙwalwa, kamar hauka da taɓuwa da zautuwa da bugun iska. Sai dai galibi ba a ɗaukar mutum a matsayin majinyaci sai an ga yana yawo a bola yana sambatu, alhali ciwon kan fara tun kafin a kai nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da wani nau'i na wannan lalura.

Yadda Ake Gane Ɗabi'a Ta Kauce

Masana halayyar ɗan'adam kan duba abubuwa huɗu: kauce wa abin da al'umma ta saba da shi, da ƙuncin da mutum ke ji a ransa, da gazawa wajen gudanar da harkokin yau da kullum, da kuma haɗari ga kansa ko ga wasu. Ma'auni na farko kaɗai bai isa a yanke hukunci ba, domin kowace al'umma da tata al'ada. Alal misali, uwar da ke kauce wa ambaton sunan ɗanta na fari alkunya take yi, lafiyarta ƙalau.

Ire-Irensa

Akwai ciwon damuwa, wanda ke sa mutum ya shafe makonni cikin baƙin ciki, barci da abinci su gagare shi. Akwai fargaba mai yawa ba tare da dalili ba. Akwai gushewar hankali, inda majinyaci ke jin muryoyin da ba kowa ke ji ba. Akwai kuma firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Ya kamata a lura cewa farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce ta daban, ba hauka ba ce, kuma ba a ɗaukar ta ta hanyar yawu.

Dalilansa

Daga ciki akwai gado, da rauni a ka, da shaye-shaye, da guba. A shekarar 2010 gubar dalma daga haƙar zinare a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ta kashe ɗaruruwan yara, ta kuma bar wasu da naƙasar ƙwaƙwalwa. Haka nan hare-haren 'yan bindiga a yankunan Tsafe da Bungudu, da sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, sun jefa yara da dama cikin firgici. Yaron da ya ga an ƙone garinsu yakan razana da ƙarar babur, ya yi fitsarin kwance, ko ya kasa riƙe karatu.

Kulawa da Magani

Iyaye da yawa kan fara da ruƙiyya ko maganin gargajiya. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma ɗaure majinyaci da mari ko dukansa zalunci ne. Tun a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa majinyaci kan fi samun sauƙi a tsakanin danginsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare haƙƙin majinyata. Ana iya neman taimako a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Jihar Sakkwato.

Rawar Malami

Malami ba likita ba ne, amma sau da yawa shi ke fara ganin sauyi. Idan ɗalibi mai ƙwazo ya koma shiru, ko yana yawan fashi, kada a gaggauta ɗaukar bulala. A keɓe shi a saurare shi, a riƙe sirrinsa, a hana 'yan aji yi masa ba'a, sannan a sanar da iyaye da shugaban makaranta. Wanda ya ambaci kashe kansa kuwa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Auna Fahimta

1. Kawo ma'aunai huɗu na gane kaucewar ɗabi'a, tare da misalai daga al'adar Hausawa.
2. Wane mataki za ka ɗauka idan ɗalibin da aka raba da garinsu yana yawan razana a aji?