Kiwon Lafiyar Jama'a da Ma'aikatan Asibitin da Ba a Cika Gani Ba

Idan aka ce asibiti, abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne gado da allura da ƙarin ruwa da ɗakin tiyata. Idan kuma aka sallami marar lafiyarmu, likita muke nema mu yi wa godiya. Likita ya cancanci godiyar. Amma kowane asibiti mai aiki da kyau yana da wani sashe da ba ya zama cikin gini. Ma'aikatansa suna kan babur ko a ƙafa, suna bin unguwanni da ƙauyuka da akwatin riga-kafi da littafin rubuta sunaye. Shi ake kira shirin kiwon lafiyar jama'a. Yana da kyau mu san abin da sashen nan yake yi, mu san dalilin da ya sa ake mantawa da ma'aikatansa, sa'an nan mu ga yadda asibiti da ikilisiya za su karrama su.

Ciwo ɗaya, yara biyu

A ce yara biyu sun kamu da gudawa rana ɗaya a ƙauye ɗaya. Uwar na farko ta taɓa zama a wurin koyarwar ma'aikaciyar lafiya. Da ta ga alamar ciwon, sai ta zuba ƙunshin maganin ORS ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, tana ba yaron kaɗan-kaɗan, ta ci gaba da ba shi nono da abinci. Ta kuma karɓo ƙwayar zinc wadda ake ba yaro kwana 10 zuwa 14. Bayan 'yan kwanaki yaron ya koma wasa. Uwar na biyu ba wanda ya taɓa nuna mata. Ta hana ɗanta ruwa don kada gudawar ta ƙaru. Kwana biyu idanunsa suka faɗa, jikinsa ya saki. Aka nemi kuɗin mota, aka sayar da akuya, aka kai shi asibiti da dare, aka sa masa ƙarin ruwa, da ƙyar ya tashi.

Yaro na biyu yana cikin littafin asibiti, iyayensa kuma sun san wanda za su gode wa. Yaro na farko ba ya cikin littafin kowa. Duk da haka aikin asibiti ne ya cece shi, ta bakin ma'aikaciyar da ta zauna a gindin bishiya ta koya wa uwarsa. Aikin kiwon lafiyar jama'a ke nan: a tari ciwo tun yana gida, kafin ya zama na kwanciya.

Ayyukan da suke yi

Na farko shi ne riga-kafin yara. A tsarin Nijeriya ana fara wa jariri tun ranar haihuwa, a dawo da shi yana da mako 6, da mako 10, da mako 14, sa'an nan a yi masa ta ƙyanda da ta ciwon shawara yana da wata 9, a ƙara masa ta ƙyanda karo na biyu yana da wata 15. Yawancin magungunan riga-kafi sai an ajiye su cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ba haka ba su lalace. Kwalbar riga-kafin ƙyanda kuwa, da zarar an haɗa ta, bayan awa 6 sai a zubar da abin da ya rage. Shi ya sa ma'aikaci yake matsa wa iyaye mata su zo da wuri a ranar da aka sa. Ba faɗa yake ji ba, maganin ne ba ya jira.

Na biyu shi ne awon ciki. A nan ne ake gano hawan jini da ƙarancin jini tun kafin su kai mace ga jijjiga ko mutuwa wajen haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. Ana kuma koya wa iyali alamun haɗari: zubar jini, kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani, da naƙudar da ta daɗe. Doguwar naƙuda a gida ita ce babban sanadin yoyon fitsari.

Na uku shi ne zazzaɓin cizon sauro. Suna raba gidan sauro mai magani, da damina kuma suna bin gida-gida kowane wata suna ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin kariya.

Na huɗu shi ne tamowa. Akwai wani ɗan tef mai launi uku da ake auna damtsen yaro da shi. Idan awon ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin haɗari, sai a tura shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Ana kuma ƙarfafa uwa ta ba jariri nono zalla har wata 6.

Bayan waɗannan akwai koyarwa kan ruwan sha, salga, da wanke hannu da sabulu.

Abin da aka koya a Garkida

Ikilisiyoyin arewa ba baƙi ba ne a wannan aiki. A Garkida, cikin jihar Adamawa ta yanzu, inda 'yan mishan na Ekklesiyar 'Yan'uwa suka fara aiki a 1923, an gina asibiti, daga baya aka buɗe wurin kula da masu kuturta. Bayan shekaru masu yawa ana jinya, ma'aikata suka lura cewa cututtuka iri ɗaya ne suke ta dawowa, kuma yawancinsu ana iya hana su tun daga gida. A shekarun 1970 sai aka kafa shirin lafiyar karkara wanda aka fi sani da suna Lafiya.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Ƙauye zai kafa kwamitin lafiya, ya zaɓi mutanensa, namiji da mace, a kai su Garkida a horar da su na 'yan watanni, su dawo su yi wa garinsu hidima da 'yan magunguna kaɗan. Hanyar koyarwar ita ce ta jawo hankalin mutane har daga ƙasashen waje. Maimakon dogon bayani, da labari da wasan kwaikwayo da waƙa ake koyarwa, domin wanda bai iya karatu ba ya riƙe darasin, ya kuma iya maimaita shi a dandali ko a bakin rijiya. Wannan tunani ya yi daidai da abin da ƙasashen duniya suka amince da shi a taron Alma-Ata na 1978, cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne tushe, kuma jama'a da kansu dole su sa hannu a ciki.

Labarin kurkunu ya tabbatar da haka. Kurkunu ba shi da magani, ba shi da allurar riga-kafi. Mutum yana shan ƙwayoyinsa cikin ruwan tafki, bayan kamar shekara guda tsutsar ta fito masa a ƙafa, sau da yawa daidai lokacin aikin gona. A binciken da aka yi a 1988 an sami fiye da mutum 650,000 masu ciwon a Nijeriya. Da ƙyallen tace ruwa, da hana mai ciwon shiga tafki, da gina rijiyoyi, da 'yan sa kai na ƙauye masu kai rahoto, aka ci ƙarfinsa. An ga mutum na ƙarshe mai ciwon a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar a 2013 cewa Nijeriya ta rabu da shi. Ana tunawa da Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon saboda ƙoƙarinsu a wannan yaƙi, sun kuwa cancanta. Amma dubban mutanen da suka raba ƙyallen tace ruwa gida-gida, yau ko a ƙauyukansu yara ba su san su ne suka yi ba.

Me ya sa ake mantawa da su?

Dalili na farko shi ne nasararsu ba ta da hoto. Idan likita ya yi tiyata, ga mutum nan ya tashi, kowa ya gani. Idan ma'aikacin ƙauye ya yi nasara, abin da ke faruwa shi ne ƙyanda ba ta shigo gari ba, ba a yi jana'izar yara ba. Ba wanda ke zuwa godiya a kan ciwon da bai same shi ba.

Na biyu, ba sa kusa da ofis. Shugabannin asibiti suna ganin masu aiki a gabansu kullum. Wanda ya fita tun asuba ya dawo da ƙura bayan an tashi, sai a takarda ake saninsa.

Na uku, mun saba auna darajar mutum da takardar karatunsa. Wannan yana shafar har waɗanda suke cikin ginin: mai shara, mai wanki, maigadi, direban motar asibiti, mai kula da janareta, da mai aikin ɗakin gwaje-gwaje. Alhali idan mai shara ta yi sakaci a ɗakin haihuwa, ƙwarewar ungozoma ba za ta hana cuta shiga jikin mai jego ba.

Kada kuma mu manta cewa aikin yana da haɗari. A watan Janairu na 1969 wata nas mai suna Laura Wine ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a asibitin mishan na Lassa, cikin jihar Borno ta yanzu. Aka kai ta Jos, ta rasu a can. Charlotte Shaw wadda ta yi jinyarta ita ma ta kamu ta rasu. A 1970 ciwon ya sake ɓarkewa a Jos, ya ɗauki ran Likita Jeanette Troup. Daga sunan garin ne aka sami sunan zazzaɓin Lassa, wanda har yau yake kashe ma'aikatan lafiya a Nijeriya. Ƙwayar cuta ba ta tambayar matsayi. Mai wanke zanen gadon marar lafiya yana cikin haɗari kamar mai duba shi.

Karramawar da ta dace

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Asibitoci da yawa suna shirya bikin ƙarshen shekara, a ba wasu ma'aikata takardar yabo da 'yar kyauta. Abu ne mai kyau, amma idan ba a yi hankali ba yakan haifar da gunaguni maimakon ƙarfafawa. Ga abubuwan da ya kamata hukumar asibiti ta kiyaye.

A fara da hakki. Albashi a kan lokaci, safar hannu, takalmin ruwa, man babur da hutun da ya dace, waɗannan ba kyauta ba ne. Takardar yabo a hannun wanda yake bin albashin watanni ba ta faranta rai.

A bayyana ma'auni tun farkon shekara, kowa ya san abin da ake dubawa. Ga ma'aikacin ƙauye, ana iya duba yara nawa ne suka kammala riga-kafi a yankinsa, mata nawa suka fara awo da wuri, da kuma ko yana tura masu ciwo mai tsanani asibiti a kan lokaci.

A ware wa kowane sashe nasa, domin idan aka haɗa kowa a ma'auni ɗaya, waɗanda aka fi gani ne za su riƙa ɗauka kowace shekara.

A tambayi jama'a. Kwamitin lafiya na ƙauye da iyaye mata sun fi kowa sanin wanda yake zuwa ko da ruwan sama, da wanda yake yi musu magana da mutunci.

A faɗi abin da mutum ya yi dalla-dalla. "Ta yi ƙoƙari" magana ce da za a iya faɗa wa kowa. "Ta koma gidan nan sau uku har maigidan ya yarda a yi wa 'ya'yansa riga-kafi" magana ce da ke koya wa sauran ma'aikata abin da asibitin yake daraja.

A guji son kai. Idan mutane suka ga dangantaka ko ƙabila ko majami'ar da mutum yake zuwa ce take kawo lambar yabo, bikin ya zama abin raba kai. Ma'aikacin da ba addininmu ɗaya ba, idan shi ya fi, shi za a ba.

A ƙarshe, babbar karramawa ita ce a buɗe wa mutum hanyar ci gaba. A tura ɗan sa kai mai himma makarantar koyon aikin lafiya, a ba wanda ya daɗe ƙarin girma.

Rabon ikilisiya

'Yan'uwa, yawancin ma'aikatan nan suna zaune tare da mu a benci ɗaya ranar Lahadi. Ikilisiya za ta iya keɓe Lahadi ɗaya a shekara, misali kusa da ranar 12 ga Mayu da duniya ke tunawa da ma'aikatan jinya, a kira su gaba da sunayensu, har da masu shara da direbobi, a yi musu addu'a. Mai sanarwa ya riƙa faɗin ranar riga-kafi da ranar awo. Zumuntar Mata ta gayyaci ma'aikaciyar lafiya ta yi koyarwa a taronta. Zumuntar maza ta ɗauki nauyin tanadin mota da masu ba da jini domin mace mai naƙuda da dare. Fasto da dattawa kuma su tsaya tare da ma'aikaci sa'ad da jita-jita ta tashi a kan riga-kafi, gama maganarsu tana da nauyi a kunnen jama'a.

Akwai kuma abin da kowannenmu zai iya yi ba tare da ya jira kwamiti ba. A wannan mako, ka nemo katin riga-kafin yaran gidanka ka duba ko akwai wadda ta wuce su. Idan ma'aikaciyar lafiya ta yi sallama a ƙofar gidanka, ka shimfiɗa mata tabarma, ka ba ta ruwa, ka tambayi sunanta, ka kuma gode mata kafin ta wuce gida na gaba.