Abin da ya kamata a duba idan tsohuwar motar dizal ta rasa ƙarfi, kafin a sauke inji

Daga lokacin da aka fara girbin gero har zuwa ƙarshen rani, hanyoyin arewacin Jihar Kano ba sa hutawa. Motocin J5 da Kanta da akori-kura na kwaso gero da dawa da wake da riɗi daga ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Tsanyawa zuwa Kasuwar Dawanau, wasu kuma su koma ɗauke da takin gida zuwa gonakin da ba a barin su su huta ko da shekara guda. Da yawa daga cikin waɗannan motoci da man dizal suke aiki, wanda aka fi sani da gas, kuma galibinsu sun ga jiya kafin su shigo ƙasar nan.

Masu su kuwa sau tari ’yan kasuwa ne ko ma’aikatan gwamnati da ke zaune a birni, waɗanda suka sayi motar domin ta riƙa kawo ɗan abin cefane ko ta yi hidimar gona. Ƙorafin da suka fi ji daga bakin direba shi ne, “Mota ba ta ja.” A taka totur har ƙasa, inji ya yi ta gurnani, amma motar tana tafiya kamar ana riƙe ta ta baya.

Lamarin ya wuce ɓata lokaci. Motar da ba ta ja tana shan mai fiye da ƙima, ga shi litar dizal ta haura Naira 1,000 a 2024. Tana kuma jefa rayuka cikin haɗari, domin direban da ya fito zai wuce tirela a hanyar Kano zuwa Daura, ya taka mota ta ƙi amsawa, yana iya yin gaba da gaba da mai tahowa. Asara ta uku ita ce ta gareji, inda akan yi gaggawar kwance famfon mai ko sauke inji a kan matsalar da sau da yawa ba ta wuce ta filta ba.

Yadda injin dizal ke samun ƙarfi

Injin dizal ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi kamar na fetur. Iska zalla yake zuƙa, sai fistin ya matse ta har ta koma kusan kashi ɗaya cikin ashirin na girmanta. Wannan matsi ne ke sa ta yi zafin da ya haura digiri 500 a ma’aunin salshiyos. A daidai wannan lokaci nozul ke fesa mai a cikinta, sai ya kama da kansa.

Ke nan abubuwa huɗu ne ke ba injin ƙarfi: isasshiyar iska, mai mai tsafta, feshi a kan lokaci, da matsi mai kyau. Duk litar dizal ɗaya na buƙatar iskar da ta haura lita 10,000 kafin ta ƙone sarai. Wanda ya riƙe wannan lissafi zai gane dalilin da ya sa ƙura ta zama babbar abokiyar gabar mota a wannan yanki.

A fara da abin da ba inji ba

Kafin a buɗe bonet, akwai abubuwa huɗu da dubawarsu ba ta cin ko kwabo.

Na farko lodi. Buhun hatsi na kai wa kilo 100, don haka akori-kurar da aka ƙera domin ɗaukar tan ɗaya buhu 10 ne haƙƙinta. Idan aka ɗora mata 18, ga fasinja a kai, babu bakaniken da zai dawo mata da gudu. Hanya mafi sauƙi ita ce a gwada ta babu kaya. Idan ta ja yadda ta saba, an san inda gizo ke saƙa.

Na biyu taya. Direbobin da ke shiga hanyoyin yashi kan rage iska domin kada mota ta kafe, sai su hau kwalta ba su mayar ba. Taya mai ƙarancin iska tana riƙe mota, tana ƙara shan mai, tana kuma zafi har ta fashe.

Na uku birki. Bayan tafiyar ’yan kilomitoci ba tare da yawan taka birki ba, a tsaya a kusantar da hannu ga kowane wili. Wanda ya fi sauran zafi nesa ba kusa ba, birkinsa na kamawa. Wannan ya fi faruwa bayan damina, lokacin da laka da tsatsa suka shiga.

Na huɗu kuloci. A sa babbar giya ana tafiya a hankali, sannan a taka totur sosai. Idan ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, musamman idan ana jin ƙauri, farantin kuloci ne ya cinye. Inji lafiyarsa lau, ƙarfinsa ne ba ya isa ga taya.

Abin da hayaƙi ke faɗa

Idan waɗannan huɗu sun fita daga zargi, sai a sa wani ya tsaya a baya ya lura da salansa yayin da motar ke hawa tudu da kaya, bayan inji ya ɗauki zafi.

Baƙin hayaƙi alama ce ta mai ya fi iska yawa, ko kuma feshin bai da kyau. Farin hayaƙi mai yaji a ido man da bai ƙone ba ne, wanda kan biyo bayan kaucewar saitin lokacin feshi, ko raunin matsi, ko ruwa a cikin mai. Idan farin hayaƙin kamar tururi yake, kuma ruwan lagireto na raguwa, to a zargi gasket. Shuɗin hayaƙi kuwa man juye ne ke ƙonewa, daga zoben fistin ko daga turbo. Ɗan farin hayaƙin da ke fita da sanyin asuba a lokacin hunturu, ya ɗauke bayan ’yan mintoci, ba abin damuwa ba ne.

Idan kuma mota ba ta ja, hayaƙi bai sauya ba, mafi yawan lokaci yunwa take ji: mai ba ya isowa yadda ya kamata.

Iska da ƙurar hunturu

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura mai laushi daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. A ƙara da ƙurar hanyoyin burji da ƙaiƙayin sussuka. Duk wannan a kan filtar iska yake sauka. Lissafin kilomitocin da kamfani ya rubuta domin titunan Turai ba ya aiki a nan. Motar da ke zirga-zirga tsakanin ƙauyukan Minjibir da birni tana buƙatar a duba filtarta kowane mako a wannan lokaci.

A ciro ta a ɗaga ta ga rana. Idan haske ba ya ratsawa, ta gama aiki. Ana iya kakkaɓe ta a hankali, ko a hura mata iska mai sauƙi daga ciki zuwa waje, amma filtar takarda ba a wanke ta, ba a kuma buga ta da dutse. Mafi muni shi ne a cire ta gaba ɗaya don mota ta “sha iska”. Za ta ja na ’yan makonni, alhali yashi na gugar zoben fistin da bangon silinda, daga nan sai sauke injin da ake gudu tun farko. Tsofaffin manyan motoci da taraktoci masu tukunyar man juye a madadin takarda, su kuma a zubar da man idan ya yi kauri, a wanke, a zuba sabo daidai layin da aka zana.

Motar da ke da turbo, a bi tiyoyinta ɗaya bayan ɗaya. Tsaga kaɗan ko maɗauri da ya saki ya isa ya zubar da iskar da turbo ya tara. Alamarsa ƙara mai kama da fito, da jiƙewar mai a kusa da tsagar, da baƙin hayaƙi. Haka nan salansar da ta lotsa a kan kunya ko dutse tana hana inji fitar da numfashi.

Mai da hanyarsa

A ƙauyukan da ke nesa da gidan mai, direba kan sayi gas a jarka ko a durom a wajen ’yan bumburutu. Ba duka ne ke da ha’inci ba, amma man da aka juya daga wannan mazubi zuwa wancan ba ya rasa ƙura da tsatsa da ruwa. Ruwa ya fi dizal nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya. Yawancin filtocin mai suna da ɗan mabuɗi a gindinsu domin tsiyaye shi. A tara abin da ya fito a kwalba mai haske, a ajiye na ɗan lokaci. Idan ya rabu gida biyu, akwai ruwa a tanki.

Filtar mai da ta toshe tana da halinta: mota za ta tashi lafiya, ta yi tafiyar cikin gari lafiya, amma da an kama tudu ko an nemi gudu sai ta fara shaƙewa. Sauya ta shi ne gyara mafi araha, kuma shi ya kamata a fara yi. Sai dai a kula da abin da ake saye a Ƙofar Ruwa da sauran kasuwannin kayan gyara, domin akwai ta gaske, akwai jabu mai kwali iri ɗaya. Araha ba ta ado.

Iska ma kan kutsa cikin hanyar mai ta tsohon tiyo da ya bushe. Mai ba ya ɗiga a waje, shi ya sa take wuyar ganewa. Gogaggun kanikawa kan sa guntun tiyo mai haske tsakanin filta da famfo, idan kumfa na wucewa an kama ɓarawo. Wata dabarar ita ce a ba inji mai kai-tsaye daga jarka mai tsafta. Idan ƙarfi ya dawo, matsalar tana tsakanin tanki da filta, famfo ba shi da laifi. A kuma saurari murfin tanki: idan ya ja iska da ƙarfi yayin buɗewa bayan doguwar tafiya, kafar numfashinsa ta toshe. Wayar totur da ta saki ita ma kan hana famfo buɗewa har ƙarshe, ko da ƙafar direba ta kai ƙasa.

Batun gauraya gas da kananzir ko wani man da ba a san asalinsa ba ya cancanci jan kunne. Famfunan Bosch da Lucas masu juyawa, waɗanda ke kan ƙananan motocin dizal da yawa na shekarun 1980 da 1990, da santsin dizal ɗin kansa suke aiki. Kananzir ba shi da wannan santsi, sai ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe a ciki. Abin da aka rage a kan lita, a gareji za a biya shi ninkin-ba-ninkin.

Nozul da famfo da cikin inji

Sai an gama da duk waɗannan ake isa ga masu tsada. Nozul da ya gaji yana ɗigar da mai a maimakon ya fesa shi kamar hazo. Masu gyaran famfo suna da na’urar gwada shi, kuma mai mota na da damar cewa a gwada a gabansa kafin a ce a sayi sabo. Kada kowa ya kai hannu gaban nozul yayin gwaji, domin ƙarfin feshin na huda fata.

Akwai wata al’ada ta “ƙara wa mota mai”, wato a murɗa kusar famfo domin ya riƙa turo mai fiye da saitin kamfani. Mota kan ɗan farfaɗo, amma da baƙin hayaƙi da zafin inji da ƙarin kuɗin mai, ainihin cutar kuma tana nan. Idan matsalar ta fara ne bayan an sauya bel ɗin tayimin, a koma kan saitin, domin kaucewar haƙori ɗaya ta isa ta kashe wa mota ƙarfi.

Motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa sama da yawansu kwamfuta ce ke sarrafa feshinsu. Idan ta ga abin da bai yi mata ba, takan rage ƙarfin inji da gangan domin kare shi, fitila ta kama a gaban direba. Irin waɗannan a fara sa musu na’urar bincike. Sau da yawa na’urar auna iska ce ta yi datti, ko bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji ya cushe da kunkunniya.

Raunin matsi shi ne na ƙarshe, kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Mota za ta riƙa wuyar tashi da safe, tana shan man juye, idan aka buɗe murfin zuba man inji na aiki hayaƙi ya riƙa bugowa da ƙarfi. Ko a nan ma akwai agogon auna matsi na kowace silinda. Sakamakonsa ne ya kamata ya yanke hukuncin sauke inji.

Abin da ya rage ga mai mota

Mai motar da ke zaune a ofis ko a shago ba sai ya zama bakanike ba. Abin da yake buƙata shi ne tambayoyin da zai yi wa direba kafin ya tura kuɗi: Yaushe abin ya fara, lokaci guda ko a hankali? A ina aka sha mai na ƙarshe? Wane irin hayaƙi take yi? Buhu nawa aka ɗora? Matsalar da ta zo farat ɗaya bayan shan mai ko bayan wani gyara, can za a nemo ta. Wadda ta zo a hankali kuwa ta fi kama da toshewa ko tsufa.

Ya kuma ajiye ɗan littafi a mota, a riƙa rubuta ranar juye da ranar sauya filtoci da litocin da aka sha a kowace tafiya. A gareji ya nemi a taɓa abu ɗaya a gwada kafin a wuce zuwa na gaba, a kuma ba shi tsohon kayan da aka cire. Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan.

Mafi dacewar lokacin yin duk wannan bincike shi ne ƙarshen damina, kafin amfanin gona ya fara fitowa. Motar da ta kwanta a gareji a tsakiyar kaka ta rasa makonnin da suka fi kowane lokaci kawo kuɗi a shekara, hatsin da ya kamata ta kai Dawanau kuma wata motar ce za ta ɗauka.