Mu Gyara Yaɓen Ɗakunanmu Tun Da Rani

Jama'a, Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba ƙadangare kaɗai ba. Kunama da kuɗin cizo da ɓera da gara, duk a tsagar bango suke fakewa. Ruwan sama ma ta nan yake bi.

Mu mutanen Madarumfa muna zaune kusa da tabki da Gulbin Maraɗi, mun san aikin ruwa. A daminar 2024 ruwa ya halaka fiye da mutum 300 a Nijar, kuma jihar Maraɗi ce ta fi yawan mamata. Da yawansu gini ne ya rufta musu. Allah ya jiƙansu. Yaɓe shi ne rigar bango. In rigar ta mutu, ruwa ya ci tubali.

Lokacin gyara shi ne bayan an gama kaka, kafin zuwan bazara. Ga yadda za mu yi.

Da farko mu ƙwanƙwasa bango da ƙotar fartanya. Inda ya yi ƙara kamar ganga, yaɓe ya rabu da tubali. Mu kankare shi duka. Sabon yaɓe ba ya zama a kan ruɓaɓɓe. Mu rufe hanci da baki da ƙyalle saboda ƙura, mu kau da yara da abinci.

Na biyu, mu share bangon, mu yayyafa masa ruwa don ya kama.

Na uku, mu ba kowane bango irin nasa. Bulon siminti, a shafe shi da siminti: awo 1 na siminti, awo 4 na yashi. Tubalin ƙasa kuwa, ƙasa yake so. A kwaɓa ta da tattakar ciyawa da kashin shanu, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. A yi yaɓe sau biyu, ba mai kauri ba. Sai na fari ya sha iska a sa na biyu. Mai makuba ya shafa a kai, kamar yadda kakanninmu suka yi.

Mu yi hattara da shafa siminti a kan tubalin ƙasa. Siminti yana tsare laima a ciki. Daga waje bango sumul, a ciki kuwa ƙasa tana narkewa.

Na huɗu, mu duba gindin bango, don nan ruwa ya fi ci. Mu yi masa dakali. Mu gyara indararo ya zubar da ruwa nesa. Kada mu ɗaure dabbobi jikin bango.

Tsagar da hannu ke shiga, ko bangon da ya karkata, ya wuce yaɓe. A kira magini, kuma kada kowa ya kwana ɗakin.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya kai mu damina lafiya, amin.