Gidan Cika Gas: Inda Sikeli Ke Raba Gardama

A gefen titin da ya fita daga Kano ya nufi Zariya akwai wani gidan cika gas. Katanga ce da ƙofar ƙarfe, a ciki ga farin tanki kwance a kan ƙafafun kankare, sai rumfar kwano mai sikeli uku. Tun da hantsi layi ke miƙewa, amma na tukwane ne ba na mutane ba: masu kilo 3, masu 6, masu 12.5, da zabga-zabgan masu kilo 50 na gidajen abinci. Masu su suna can inuwar darbejiya, kowa ido a kan tasa.

Maigadin dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Babur ko a-daidaita-sahu ba ya shiga da inji a kunne, mai sigari kuwa tun daga bakin titi ake tare shi. In matashi ya ce, "Haba Baba, minti ɗaya fa," amsar ba ta sauyawa: "Yaro, kashe ka turo." Baba bai yi boko ba, amma ya san gas ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya ba sama yake tashi ya watse ba, ƙasa yake kwanciya, ya bi kwata da rami har ya tarar da tartsatsi. Ga shi ba ya bukatar yawa: kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari a cikin iska ya isa ya kama.

Abin da ke cikin tankin haɗin furofen ne da biyuten, an matse su sun zama ruwa. Lita ɗaya ta ruwan nan in ta samu hanya takan koma iska wajen lita 250. Asalinsa ba shi da wari. Da gangan ake zuba masa wani sinadari mai farar wuta don hanci ya kama shi. Shi ya sa manajan gidan yake sa ido a kan ma'aikacin da ya daɗe a rumfar, don hancin da ya saba da warin yakan daina jinsa. Ma'aikatan suna kuma sa safar hannu ko da ana zafi, saboda furofen yana tafasa ne a digiri 42 ƙasa da sifili, in ruwansa ya taɓa fata ƙuna yake yi, ƙunar sanyi.

Rigimar kullum a gaban sikeli take. Mutum zai ɗaga tukunyarsa ya girgiza, ya ji motsi a ciki, ya ce an cuce shi, a cika masa dam. Mai sikeli zai nuna masa lambar da aka buga a jikin ƙarfen, nauyin tukunyar ke nan ba komai a ciki, a ɗora 12.5 a kai, ga abin da sikeli ya nuna. Wani ya gamsu, wani ya tafi yana ƙunƙuni. Ba na ganin laifin mai ƙorafin gaba ɗaya, don gas ya yi tsada, kuma masu tauye mudu sun sa kowa zargi. Amma wannan sararin da yake so a cike, shi ke tsare gidansa. Ana tsayawa ne a wajen kashi 80 cikin ɗari, domin ruwan gas yana kumbura in ya ji zafi. A Kano, inda watan Afrilu ke haura digiri 40, tukunyar da aka cika har wuya aka ajiye a rana ba ta da inda za ta kai ƙarin sai bakinta, ko wajen da waldarta ta yi rauni.

Gardama ta biyu ta fi zafi, ta tsohuwar tukunya. Ƙa'idar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, ita ce tukunya ba ta wuce shekara 15, kuma a riƙa gwada ta duk shekara 5. Wa ke gwadawa? Za ka ga wadda tsatsa ta cinye gindinta, an shafe ta da sabon fenti har shekarar ƙirar ta ɓace. Mai sikeli yakan kifa ta ya duba, in bai yarda da ita ba ya tura ta gefe. "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ta gama aiki." Sau da yawa Hajiya ba sabuwa za ta saya ba. Shagon cikin unguwa za ta aika da ita, inda ake juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama, tsakanin mai shayi da mai walda, ba mai tambayar shekarunta. A irin wannan shago ne gas ya fashe a Sabon Tasha ta Kaduna ranar 4 ga Janairun 2020, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, wanda ba gas ya je saye ba, yana shagon aski ne a kusa.

Akwai kwano da ruwan sabulu a gefen kowane sikeli. Kafin tukunya ta fita sai an shafa mata a baki. In kumfa ya taso, tana yoyo. Masu sabuwar tukunya, musamman 'yan uwan amare da ke haɗa kayan ɗaki, su ke samun karatu kyauta: da sabulu ake neman yoyo, ba da ashana ba. Tukunya a tsaye take zama, in da hali a wajen kicin. Tiyo in ya fara tsagewa a canza shi, kada a naɗe shi da leda. Wuta shuɗiya ake so. In ta koma rawaya tana baƙanta gindin tukunyar miya, ba ta ci daidai, kuma a rufaffen ɗaki tana fitar da iska mai guba marar wari. In kuwa an shigo an ji wari, a rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa. Ana gama wannan bayani, sai ka ga yaron aike ya kwantar da tukunyar a bayan babur ya ɗaure da roba, Baba yana bin sa da faɗa.

Ranar da tanka ta iso daga Kudu, ciniki tsayawa yake. Ana fitar da kowa, a rufe ƙofa, a sa wa tayoyin motar waigi, a maƙala mata wayar da ke sauke lantarkin jikinta zuwa ƙasa, a jawo tukwanen kashe gobara kusa. Tsofaffin hannu a sana'ar ba su manta da Nnewi ba, inda wani gidan gas ya tashi ranar jajiberin Kirsimetin 2015, tanka tana saukewa, masu saye cike da harabar, aka rasa rayuka da dama. A nan saukewar takan ɗauki sa'o'i, masu jira su yi ta buga ƙofa, wasu su ɗebe tukwanensu su nufi shagunan unguwa. Manajan ya san cinikin da yake rasawa, amma ƙofar ba ta buɗuwa sai an cire tiyon tanka, an zaga bakin tanki da ruwan sabulu, motar ta bar harabar.