Ƙwayoyin da Ke Cin Baƙin Mai a Cikin Ƙasa

A asibiti kullum muna ce maka ka wanke hannu saboda ƙwayoyin cuta. Gaskiya ne. Amma ba kowace ƙwaya ce ke kawo ciwo ba. Cikin cokali ɗaya na ƙasar gona akwai miliyoyin ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana kiransu bakteriya. Su ne ke ruɓar da ganye da kashin shanu su zama taki. A Gbalahi, inda motocin kwasar bayan gida na Tamale ke juyewa, su ne ke cinye ƙazantar a cikin tafkunan da aka haƙa. Waɗansunsu har man fetur da dizil suke ci.

Ka duba inda makanikai ke aiki a Lamashegu, ko gindin injin niƙan ƙauyenku. Ƙasa ta yi baƙi, ko ciyawa ba ta fitowa. Damina na sauka, ruwa zai kwashi man nan zuwa dam, ko ya nutse da shi wajen rijiyar da 'ya'yanka ke sha. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta mai da irin wannan ruwa abin sha.

Ƙwayoyin da ke cin mai suna nan cikin ƙasar tun tuni. Abin da suka rasa shi ne iska, danshi da taki. Idan wurin ƙarami ne, kai ma za ka iya taimakonsu. Sa takalmin roba da safar hannu, ka kankare ƙasar da ta ɓaci. Shimfiɗa ta a kan daɓen siminti ko leda mai kauri, nesa da rijiya, kaurinta kada ya wuce taƙi ɗaya. Gauraya ta da kashin shanu ko na kaji, ka ƙara ɓuntun shinkafa domin iska ta sami hanyar shiga. Yayyafa ruwa ta yi laima, kada ta jiƙe sharkaf, gama taɓo yana toshe iska. Kowane mako ka juya ta da fartanya. A lokacin hunturu sai ka dage da yayyafi, busasshiyar ƙasa ba ta aiki. Watanni ake ɗauka.

Ko wari ya tafi, kada ka shuka alayyafo ko tumatir a ƙasar nan. Baƙin mai yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa, ƙwayoyin kuwa ba sa iya cin ƙarfe. A Zamfara ta Nijeriya, a shekara ta 2010, gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara wajen 400. Can taki bai da amfani. Sai da aka kwashe ƙasar gidaje aka binne, aka zuba sabuwa. Don haka ƙasar da aka fasa tsohon batirin mota a kanta, wannan dabara ba tata ba ce.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi wuya. Iska kaɗan ce a can, aikin yakan kai shekaru, sai ƙwararru masu injin tura iska. Idan rijiyarku ta soma warin mai, ko ka ga maiƙo mai ƙyalli a saman guga, ku daina sha nan take. Ka sanar da duba-gari ko ofishin EPA a Tamale. Sauran baƙin man kuwa, ka tara shi cikin jarka mai murfi, inda yara ba za su kai ba.